La'ada da Amana: Dillancin Gidaje da Filaye a Kano

Idan ka bi titin Gwarzo ka wuce Rijiyar Zaki, ka saki kwalta ka gangara cikin unguwa, za ka tarar da wani benci a gindin darbejiya. An jingina baƙin allo a jikin bishiyar, an rubuta da alli: ciki da falo, ɗaki biyu da tsakar gida, fuloti hamsin-hamsin, kango a bakin layi. Ofishin ke nan dukansa. Da hantsi mutum huɗu ko biyar ke haɗuwa a wurin, kowa da babur ɗinsa da wayarsa da ɗaurin makullan gidajen mutane a aljihu. Babbansu wani dattijo ne da kowa ke ce wa Baba, wanda ya fara dillanci tun wajen nan yana gonakin dawa da gero. Nuna masa kowane gida a unguwar, zai gaya maka gonar wa ce a da, wa ya yanka ta, hannu nawa fulotin ya bi kafin a aza masa bulo, da kuma ko ruwa na kwana a ƙofar gidan a watan Agusta.

Maƙeri da ƙarfe yake aiki, majemi da fata. Hajar dillali labari ce, kuma da ƙafa ake nemo ta. A teburin mai shayi yake jin cewa wane zai aurar da 'ya'ya mata biyu bayan Salla, yana so ya saki fulotinsa ya yi kayan ɗaki. Magini ne zai tsegunta masa cewa ginin Alhaji wane ya tsaya a linta, kuɗi sun yanke. Bayan sadakar arba'in magada kan fara maganar abin da za a yi da gidan mamaci. In lokacin biyan kuɗin kujerar Hajji ya matso, filaye kan fito kasuwa. A ɗaya ɓangaren kuma ga ango da aka sa wa rana bai samu inda zai ajiye amarya ba, ga ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ga ɗan kasuwar Kwari da ya ga darajar naira na zubewa ya ce gara ya binne kuɗinsa a ƙasa. Mai gidan bai san mai neman ba, mai neman bai san da gidan ba. Dillali ya san su duka biyun, kuma wannan sanin shi yake sayarwa.

Sana'ar tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Kalmar dillali daga Larabci muka aro ta, haka ma la'ada, wadda asalinta al'ada ce, wato abin da aka saba bayarwa. Tun da aka kafa kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, baƙon falke ba ya sayar da kayansa da kansa. Gidan fatoma yake sauka, fatoma ya haɗa shi da dillalin da ya san masu saye, ya kuma san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Har Bature mai nazarin al'umma Abner Cohen, a littafin da ya fitar a 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba tare da takarda ba, saboda mai gida, wato fatoma, da dillalansa sun tsaya a tsakani. Sai dai akwai bambanci babba tsakanin saniya da fili. Saniya za ka duba haƙoranta, ka taɓa tozonta, cikin 'yan kwanaki an yanka ta an gama magana. Aibin fili a ɓoye yake, a cikin tarihinsa da takardunsa, kuma yana iya kwanciya shekara goma kafin ya taso.

Yawancin filayen da mai ƙaramin ƙarfi ke saya a gefen birni, a yankunan Kumbotso da Ungogo da bayan Gwale, awon igiya ne. Wani mai kuɗi zai sayi gona daga manomi ko daga magadansa, ya kira masu awo da igiyarsu ko tef, a yanka ta fuloti-fuloti, ƙafa hamsin da hamsin ko hamsin da saba'in da biyar, a kafa fegi a kowace kusurwa. Wanda ya faɗo kan kwana ko bakin hanya ya fi tsada, na can ciki ya fi sauƙi. Kowane taku da aka bar wa hanya kuɗi ne ya fita daga aljihun mai yankan, shi ya sa layukan irin waɗannan unguwanni suka zama lungunan da mota ba ta iya juyawa, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta, wani wurin ko maƙabarta ba a ware ba. Awon gwamnati yana da titi da tsari da lamba a ma'aikatar ƙasa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin malamin makaranta, kuma ba ya isar jama'ar da ke kwararowa birni kullum.

A doka kuwa, babu wanda ya mallaki ƙasa kacokan. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke samu haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99 idan gidan zama ne, kuma sashe na 22 ya ce ba a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda ba a nemi wannan amincewa ba. Mu a Arewa tsarin ba baƙo ba ne, don tun 1910 Turawa suka shimfiɗa makamancinsa, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta shi a 1962. Amma ka je gindin darbejiyar nan ka tambaya ciniki nawa ne cikin waɗanda aka ƙulla a bara suka isa teburin gwamna. Takardar hannu ce, da shaidu, da hatimin mai unguwa. A wannan tazara da ke tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da mutane ke yi, nan dillalin kirki yake da amfani ƙwarai, nan kuma macuci yake samun wurin ɓuya.

Na taɓa zama a gefe ranar da Baba ya ƙulla cinikin wani kango. An shimfiɗa tabarma a zauren mai kangon, mai saye ya zo da yayansa. Bayan gaisuwa mai tsawo Baba ya dubi mai kango ya ce, "Alhaji, ga mai so ya zo har gida, ya gani ya yaba." Alhaji ya ce to ya sa suna. Mai saye ya taya, Alhaji ya girgiza kai ya ce, "Albarka." Aka ƙara, ya sake cewa albarka. Daga nan aikin dillali ya fara. Baba ya ja mai saye waje suka yi ƙus-ƙus, ya nuna masa cewa bulon da ke jikin kangon kaɗai, a farashin siminti na lokacin, ya kusa rabin abin da ya taya. Ya dawo ya durƙusa kusa da Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan a haya yake da 'ya'ya huɗu, ka sassauta masa, Allah zai mayar maka ta wata hanya." Sau uku yana shiga yana fita. Can Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "Na sallama." Aka shafa fatiha, mai saye ya ajiye kafin alƙalami, aka sa ranar cika kuɗi.

Ranar cikawa ce ake rubuta takarda: sunan mai sayarwa da na mai saye, kuɗin da aka biya, girman wurin, sannan iyakokinsa, gabas ya yi iyaka da wane, yamma da wane, kudu da hanya, arewa da wane. Shaidun kowane ɓangare su sa hannu, a kai wa mai unguwa ya buga hatimi, wani lokaci har dagaci. Dillalin da ya san aikinsa ba ya barin a tashi sai an miƙa wa mai saye tsofaffin takardun da wurin ya bi ta kansu tun daga mai gona. Baba yakan ce a kira maƙwabtan fili su tsaya a kan iyaka ranar da za a nuna fegi, ko da za a jira su har la'asar.

Sannan a zo maganar la'ada. Abin da aka saba shi ne kashi biyar cikin ɗari a cinikin sayarwa, kashi goma na kuɗin shekara a haya, kodayake ana yin ciniki a kan wannan ma. Mai kallo daga nesa sai ya ce kuɗin banza ne. A ce an sayar da fuloti naira miliyan huɗu, la'ada ta kama dubu ɗari biyu. To amma da wuya dillali ɗaya ya ci ta. Wanda mai fili ya ba wa yana da abokin da ya gaya wa, shi kuma ya gaya wa wani a Ɗorayi, wancan ya san wani a Kurna wanda shi ne yake da mai saye. Kafin a ankara mutum shida sun jeru, kowa na cewa da hannunsa, har da yaron da ya nuna layi. In aka raba, kowa ya tashi da dubu talatin da 'yan kai. Kuma ana iya yin wata biyu ba a ƙulla ko ɗaya ba. A tsakanin nan dillali yana zuba mai a babur, wanda tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya ninka ya sake ninkawa, yana sa kati a waya, yana kai mutum goma ganin gida ɗaya a cikin rana, tara su ce za su yi shawara ba su ƙara ɗaukar wayarsa ba.

Abin da ya fi ci musu rai shi ne zagaye. Ka sha wahala ka kai mutum ya ga gida, ya ce bai yi masa ba. Bayan sati biyu ka wuce ka ga ana sauke kayan ɗaki. Ashe da dare ya koma wurin mai gida sun daidaita a bayanka don su cinye la'adarka. Babu takardar da ke nuna kai ka haɗa su, babu inda za ka kai ƙara a saurare ka. Duk wanda zai yi maganar ha'incin dillalai, adalci ne ya fara sanin cewa su ma ana ha'intarsu, kuma wannan zagayen ne ya haifar da kuɗin ganin gida da ake karɓa tun kafin a tayar da babur.

Wannan bai wanke masu cuta ba, kuma na ga cutar a cikin gidanmu. Gwaggona da mijinta ya rasu, ta haɗa tumunin takabarta da kuɗin adashen da ta ɗauka, ta ce fili za ta saya don marayunta su samu inda za su fake. Wani dillali ɗan unguwarsu, wanda suke sahu ɗaya da 'ya'yanta a masallaci, ya kawo mata fuloti a bayan gari da farashi mai sauƙi. Ya ce mai shi matsuwa ce ta same shi, in ba a biya cikin kwana uku ba wani zai ɗauka. Aka biya. Da aka zo maganar kai takarda wurin mai unguwa sai ya ce, "Haba Hajiya, ai duk gida ne, me za a kashe kuɗi a kai? Ni ne shaida." Ta yarda, ta naɗe takardar a leda ta sa a ƙasan adaka. Bayan shekara biyu ta tara kuɗin bulo ɗari biyar, ta aiki babban ɗanta da mai kura. Suka tarar an haƙa harsashi, ana zuba kankare. Mai ginin ya fito da tasa takardar: mai sayarwa ɗaya, dillali ɗaya a layin shaidu, kwanan watan ya riga nata da wata biyar, ga hatimin mai unguwa a ƙasa.

Ina nan ranar da yaron ya dawo ya faɗa mata. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ɗauko ledar ta buɗe, ta daɗe tana kallon takardar da ba ta iya karantawa, sannan ta ce a kira mata kawunsu. Mai sayarwar ya bar gari. Dillalin ya rantse cewa shi ma ruɗarsa aka yi, alhali hannunsa ne a takardu biyun. Bayan zaman sulhu da ya ci watanni, dangin dillalin suka ɗauki nauyin biya kaɗan-kaɗan. Lokacin da kuɗin suka gama dawowa, ba sa sayen rabin fuloti a wannan wurin. Har ta rasu a gidan haya take.

Sayar da wuri ɗaya ga mutum biyu ita ce cutar da ta fi yin ƙara, amma wadda ta fi yawa shiru ake yinta. Mai gida ya ce a sayar masa miliyan goma, dillali ya je ya ce wa mai saye sha uku ne, ya hana su haɗuwa da dabaru iri-iri: Alhaji ya yi tafiya, Alhaji ba ya son a san shi ne ke sayarwa, a turo kuɗin ta asusuna zan kai masa. Ya soke miliyan uku, sannan ya dawo ya karɓi la'ada a hannun kowannensu. Malaman fiƙihu sun yi saɓani ko da mai kaya ne da bakinsa ya ce abin da ya hau sama naka ne. In kuwa bai sani ba, babu mai cewa wannan ba cin amana ba ne, tunda wakilinsa ne kai. Haka nan shigo da ɗan kore, wato a sa wani ya zo yana taya gida da tsada alhali ba saye zai yi ba, don a zaburar da mai so na gaskiya. Wannan shi ne najashi da shari'a ta hana tun farkon Musulunci, kuma har yau ana yinsa a zauruka.

Gidan gado kuwa rami ne mai zurfi. Ɗa ɗaya, galibi babban namiji da takardu ke hannunsa, zai haɗa baki da dillali a sayar da gidan da ba a raba ba, 'yan'uwansa mata suna gidajen aurensu ba su sani ba, wani ƙanen yana Legas ko Saudiyya. Mai saye ya rushe ya yi gini, sai sammaci ya zo daga kotun Musulunci. Ko da kasonsa kaɗai magajin ya sayar, a mazhabar Malikiyya abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shuf'a, wato su mayar wa baƙon kuɗinsa su karɓi kason. Dillalin da ya shekara biyar a sana'a ya san wannan sarai. In ya rufe baki, da gangan ya rufe.

Sauran dabarun kowa ya ji labarinsu. A kai ka fili da rani, ƙasa ta bushe ƙeƙas, ashe hanyar ruwa ce. A sayar maka da gefen hanya ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ranar da hukumar tsara birni ta KNUPDA ta zo da jan fenti dillali ya kashe waya. A matsar da fegi da dare a ci ƙafa biyar. A karɓi kuɗin hayar ɗaki ɗaya a hannun mutum huɗu, duk su haɗu a ƙofa ranar tarewa. Yanzu kuma an koma Facebook da TikTok da WhatsApp, a ɗora hoton gidan da mai ɗorawar bai taɓa shiga ba, a ce turo kafin alƙalami kada a riga ka, cinikin biri a sama ƙiri-ƙiri. Rubutun nan da ake yi a bangon gidaje da fenti, cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, daga irin wannan ɓarna ya samo asali.

To wa ke sa ido a kan sana'ar? A sama akwai masu ilimin ƙiyasta darajar gidaje da filaye, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta NIESV a 1969, aka kuma kafa musu hukumar rajista ta ESVARBON da doka mai lamba 24 ta 1975. Wanda ke cikinsu yana da lamba da hatimi, in ya ci amana ana iya soke sunansa. Sai dai shiga wannan sahu sai da karatun jami'a ko na kwalejin kimiyya da fasaha da jarrabawar ƙwarewa, kuma harkarsu ta manyan gine-gine ce da bankuna. Mai neman ciki da falo a Sheka ba zai taɓa taka ofishinsu ba. Mutanen bencin darbejiya, waɗanda su ne ke riƙe da cinikin talakawa, babu wata dokar tarayya da ta san da zamansu a matsayin masu sana'a. Duk wanda ya wayi gari ba aikin yi, yana da waya da baki, ya zama dillali kafin azahar.

Dokokin hukunci suna nan, amma bayan ɓarna suke zuwa. Kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa tun 1960 ya yi maganar cin amana a sashe na 311 da zamba a sashe na 320. Dokar damfara ta 2006, wadda EFCC ke gurfanar da mutane da ita, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara bakwai ba, bai wuce ashirin ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan biyar ba ta hanyar banki ba, ta kuma sa masu harkar gidaje cikin waɗanda za su yi rajista da sashen SCUML. Duk da haka wanda aka cuta yakan auna kuɗin lauya da shekarun zirga-zirga, ya ga sulhu ya fi masa, a wurin mai unguwa ko Hisba ko hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta jiha. Sulhu yakan dawo da wani abu, amma macucin yana komawa kan bencinsa washegari, kuma wanda zai faɗa hannunsa gobe bai ji labari ba.

Wasu wurare sun gwada tarar abin tun daga ƙofa. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida ko dillalinsa karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, sannan a 2022 aka sa hannu a dokar da ta ba hukumar LASRERA ikon yi wa dillalai rajista da sauraron ƙorafi a kansu. Gana ta yi dokar dillancin gidaje a 2020, ta kafa majalisar da ke ba da lasisi. Ba a ce cuta ta ƙare a Legas ko Gana ba, amma aƙalla akwai littafin da za a buɗe a ga ko sunan mutum na ciki. A nan Arewa ƙoƙarin ya fi karkata ga takardun ƙasa: AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, inda ake zuba bayanan filaye a kwamfuta, mai saye ya nemi a bincika masa kafin ya biya. Wannan ya taimaka wa mai sayen awon gwamnati. Fulotin awon igiya da ba a taɓa shigar da shi ba, babu abin da kwamfuta za ta faɗa a kansa. Ko takardar shaidar mallaka ta gwamna ma, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 cewa ba ta wanke wanda tun asali ba shi da haƙƙi a wurin.

Abin da ya rage shi ne tsarin da dillalan suka yi wa kansu. A unguwanni da yawa suna da ƙungiya da shugaba, wasu har da katin shaida, kamar yadda kasuwanni ke da Sarkin Dillalai tun da. Suna raba rigimar la'ada a tsakaninsu, suna iya korar wanda ya yi abin kunya daga benci. Ƙarfinsu a nan ya tsaya, don wanda aka kora daga Gaida zai iya buɗe sabon allo a Bachirawa. A ganina nan ne ya kamata gwamnatin jiha ta sa hannu, kuma ba ta hanyar ƙaƙaba wa Baba jarrabawar Turanci ba. A ɗauki waɗannan ƙungiyoyi a ba su gindi a doka. Kowane dillali ya samu lamba da mutum biyu da suka tsaya masa, a rubuta lambar a jikin kowace takardar ciniki tare da adadin la'adar da aka biya da wanda ya biya. Kuɗin wuri ya tafi asusun mai wuri kai tsaye. Wanda aka kama da cuta a soke lambarsa a sanar a rediyo. Irin wannan rajista za ta kare dillalin ma, don in sunansa na kan takarda tun ranar da ya kai mutum ganin gida, zagaye ya zama abin da zai iya kai ƙara a kai. Dillalan kirki da na sani ba sa gudun wannan. Su ne suka fi kowa jin zafin yadda sunan sana'arsu ya lalace, har ta kai wani in zai ba da 'yarsa ya ji an ce manemin dillalin filaye ne sai ya ƙara bincike.

A watan Agustan da ya wuce na raka wani ƙanen abokina, malamin firamare, wurin Baba. Ya shekara shida yana tara kuɗi, kuma wani ya nuna masa fuloti a waya da farashin da ya yi daidai da abin da ke hannunsa. An kwana ana ruwa. Baba ya ji sunan wurin, ya naɗe ƙafar wandonsa ya ce mu je. Muka bar babura a bakin hanya muka taka cikin taɓo. Da muka isa, fegi biyu kaɗai ake gani, sauran suna ƙarƙashin ruwa, kwaɗi na ta kuka a tsakiyar fulotin. Malamin ya tsaya ya kasa magana.

Baba ya ce, "Malam, kada ka damu, kuɗinka na aljihunka. Akwai wani a kan tudu, bai kai wannan girma ba, kuma sai ka ƙara wani abu. Na gado ne, amma an raba a kotu, takardar rabon na wurin babbar 'yarsu, za ka gani da idonka."

Muka hau tudun. Ya nuna masa kusurwa huɗu, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ke gabas da fulotin. Wani magidanci ya fito da buta a hannu. Baba ya gaishe shi ya ce, "Ga wanda yake so ya zama maƙwabcinka. Ka gaya masa duk abin da ka sani a kan wurin nan." Ya kama hannuna muka koma can gindin wata tsamiya, muka bar su su biyu suna magana.